Ajiyar da Alhaji Ya Hana a Gwada

Na taɓa aiki a wani ofis da ke saman shagon taya a Gyaɗi-Gyaɗi. Manhaja muke gudanarwa wadda ke haɗa 'yan kasuwa da masu adaidaita sahu don kai kaya. Kwamfutocinmu a haɗe suke suna aiki tare, kulasta muke ce musu, kuma akwai rumbun bayanai guda da ke riƙe da komai: wace manhaja ce a ina, da kalmomin sirri, da saiti. In ya lalace, kwamfutocin na nan a kunne amma ba su san ko su waye ba. Ni aka ɗauka kula da shi, da albashin nake ciyar da gidana.

Kowace Juma'a kafin masallaci nakan ɗauki kwafin rumbun in zuba a filashi. Mai kamfanin, wani Alhaji da ya yi arziki a sayar da taya, sai ya karɓa ya kulle a sef, akwatinsa na ƙarfe. Shi ya sayo filashin da kansa, da araha, yana ta yabon iya cinikinsa. Ajiya a intanet kuwa ya ce ai ba ya ba wanda bai san gidan ubansa ba amana.

Sau da yawa na roƙe shi mu gwada dawo da kwafin a wata kwamfuta, mu ga ko yana aiki.

“Kamar me zai faru?” in ji shi.

“Alhaji, in rumbun ya lalace...”

“Kul! Mutum na zaune lafiya kana masa mugun fata? Ka ce Allah ya tsare.”

Na ce Allah ya tsare. Gwajin da aka yarda mu yi ke nan.

Wata rana da hantsi aka kawo wuta da ƙarfi, faifan da rumbun ke ciki ya ƙone. Alhaji ya buɗe sef yana murmushi, ya miƙo mini filashin kamar mai ba da kyautar kujerar Makka. Na saka. Sunayen kwafin duk suna nan reras, gwanin sha'awa. Na farko ya ƙi buɗuwa, na biyu ma haka, har na ƙarshe. Filashin jabu ne, yana karɓar komai, ba ya riƙe komai. Raina ya ɓaci.

Alhaji bai wahalar da kansa wajen bincike ba. Ya ce tun da na zo bakina bai taɓa faɗin alheri ba, in ajiye makulli. Ɗan wansa, wanda ya iya gyaran waya, zai ci gaba.

Na sauko na tarar da masu adaidaita sahu a gindin bene, kowa na duba wayarsa tun safe babu aike. Wani dattijo a cikinsu ya ɗauke ni zuwa gida a Daurawa. A hanya ya waiwayo.

“Malam, gobe dai za a dawo aiki ko?”

Na ce, “Ku dai ƙila ku dawo, Baba.”