Kalmomin da Auta ke kawo wa Inna

Shekarar da Inna ta zo Doha neman magani, a gidana ta sauka, a Umm Salal. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa, ba ta yaba mata a gaban mutane. "Ke" shi ne sunana a bakin Inna tun ina rarrafe. Autarmu kuwa, wadda na goya a bayana, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, tana zaune a Madinat Khalifa. Ita ko tari ta yi sai Inna ta ce sannu.

Ciwon a ciki yake. Ni ke dama kunun gyaɗa in tace shi sau biyu don ya wuce, ni ke wanke kwanon amai, ni ke matsa ƙafa har yatsuna su sage. Maigidana, da yake direba ne, shi ke kai mu asibiti. Auta sai bayan la'asar take shigowa, da kofin shayin karak a hannu, ta zube a gefen katifa kamar ita ta wuni tana wahala.

Wata rana mun dawo daga wajen likita Inna ta ƙi cin komai, wai ta ji yana ta maimaita wata kalma yana nuna hoton cikinta. Auta ta karɓi takardar da likitan ya ba mu ta duba.

"Pylorus? Haba Inna, ai ƙofa ce, inda abinci ke fita daga tumbi ya shiga hanji. Kalmar Girkawa ce, ma'anarta mai gadin ƙofa."

"Har a cikina akwai mai gadi?" in ji Inna. "Shi ma ɗan Arewa ne, irin yaran nan masu yunifom da ke gaishe ni a bakin kanti?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta shanye kunun da ni na dama, ta sa wa Auta albarka.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kullum Auta da kalmarta. Ta kawo duodenum, farkon hanji, wai asalinsa "goma sha biyu" ne a Latin, don likitocin zamanin da sun auna tsawonsa da faɗin yatsu goma sha biyu. Inna ta jera yatsunta goma a kan ciki, ta ari biyu a hannun Auta, alhali nawa hannun ya fi kusa. Ta kawo borborygmus, kukan ciki, wai Girkawa ƙarar kawai suka kwaikwaya. Kwana biyu Inna tana fama da ita, harshe na sarƙewa, suna ƙyaƙyatawa. Ina kicin ina jin su. Kishi nake, ba na ɓoyewa. Mace da 'ya'ya uku, ina kishin dariyar uwata.

Sai na ce ai ni ma na yi makaranta. Na shiga waya na yi ta tono har na samo tawa. Ina matsa mata ƙwauri na ce, "Inna, kin san tsokar nan da Turanci muscle ake ce mata? Asalinta ɗan ɓera ne, don in ta motsa kamar ɓera ke gudu a ƙarƙashin fata."

Ta dubi bango ta ce, "To." Can kuma ta ƙara, "Auta ce ta gaya miki?"

Ban sake ba.

Bayan an yi mata wani hoton, likitoci suka canza magana. Wata sabuwar kalma ta shigo, palliative, kuma suna faɗinta a hankali, ba sa kallon Inna. Ni da Auta an kira mu gefe an yi mana bayani: ciwon ya bazu, ba batun warkewa, sai dai rage raɗaɗi. A mota Auta ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, don Allah kar a gaya mata. Khalas, shi ke nan, ki bar ni da ita."

Inna ba ta jin Turanci, amma kunnenta ba ya sakin kalma. Da la'asar ta tambaya. Auta ko gezau.

"Wannan ai mai sauƙi ce, Inna. Daga Latin take, pallium, wato mayafi. Mayafi za su lulluɓa miki."

"Ikon Allah. To su ba ni mai ruwan ƙasa, ba na son mai ƙyalli."

Suka yi dariya. Ba ƙarya Auta ta yi ba, na duba daga baya, asalin ke nan. Na ji haushin iyawarta.

Washegari da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina taje mata kai zan yi mata kitso. Ba ta juyo ba ta ce, "Ke."

"Na'am, Inna."

"Mayafin nan da Auta ta ce. Me ake rufewa da shi?"

Na ce Auta ce ta san waɗannan abubuwan, ta bari ta zo.

"Auta yarinya ce, labari take ba ni. Ke nake tambaya."

Na gaya mata. Da Hausa, ba Girkanci ba Latin. Ta yi salati, sannan ta ce in ƙarasa kitson, in kuma ce wa maigidana ya fara nemo mata jirgin Kano, tana so ta ga ɗakinta.

"Kuma kar ki gaya wa Auta na sani. Ba za ta iya ɗauka ba."

Ni zan iya ke nan. Ba wanda ya taɓa tambayata.

Da la'asar Auta ta shigo da sabuwar kalma, wani ƙashi ne a ƙarshen gadon baya da aka sa wa sunan tsuntsu saboda ya yi kama da bakinsa. Inna ta yi dariyar da ta fi ta kullum, har tana dafa kafaɗar Auta. Na tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, ni kaɗai na san abin da kowaccensu ke ɓoye wa 'yar'uwarta.

Inna ta rasu a ɗakinta bayan ƙaramar salla. Har yau Auta na cewa alhamdulillahi, tsohuwar ta tafi ba ta san komai ba, tana dariya. Nakan ce haka ne. Waɗanda na ba labarin suna ce mini amana ce babba uwa ta ba ni, kuma na yarda. Amma da ta ba ni zaɓi a ranar nan, wallahi da dariyar zan ɗauka.