Tururuwa a Kan Igiyar Akuya

A tashar Tudun Wada, ranar kasuwa, wani dattijo yana zaune riƙe da igiyar akuyarsa. Matarsa na gefensa, hannunta na dama a shanye, bakinta ya ɗan karkace. Masu wucewa suna rusunawa su ce, “Sannu, Malama.” Da alama ita ta koyar da su kimiyya kafin ciwo ya ɗauke mata magana.

Wata tururuwa tana zagaya igiyar. Dattijon ya matso da igiyar gaban matar.

“Malama, ke kika ce daga nesa igiya tsawo ce kawai, amma tururuwa ta san tana da kewaye. Kika ce wasu masana na ganin sararin samaniya ma yana da irin wannan ɓoyayyen kewaye. Kuma abu in ya kusa gudun haske, tsawonsa tsukewa yake. To, kewayen fa, shi ma zai tsuke? Ba ki ƙarasa min ba.”

Ɗan kamasho yana ta kiran masu tafiya Doguwa, dattijon ko waiwaye bai yi ba. A hankali matar ta ɗaga hannun hagu, ta zagaya igiyar da yatsa.

“Ina jin ki,” in ji shi. “Ci gaba.”