Usaini da Manhajar Surukinsa

Usaini mutumin Makoda ne. Ya karanta kwamfuta a Kano, ya ɗauka can zai tsufa. Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, birni ya gagare shi, ya tattara matarsa Rukayya suka dawo gida. Ya shiga ƙungiyar masu noman rani, aka ba shi gonar ƙarshe, can nesa da famfo, ya dasa tumatir. Ita ce abincin gidansa na shekarar.

Famfon yana da 'yar na'ura mai raba ruwa gona-gona. Surukinsa Malam Abdulƙadir, tsohon malamin kwaleji, shi ya rubuta manhajarta da harshen kwamfuta na C tun gonakin ba su da yawa, don haka ba ta san da sababbin ba, har da ta Usaini. Usaini kuwa harshen Python ya iya. Ya tashi gaban mutane ya ce zai rubuta tasa, ta riƙa kiran ta Malam tana ba ta umarni. Baki shi ke yanka wuya.

Tasa ta kira, ta Malam ta amsa da shirme. A ce buɗe, sai na'urar ta ɗauke gaba ɗaya. Usaini ya gano inda gizo ke saƙa: bai san irin lambar da ta Malam ke karɓa ba, mai ɗigo ko cikakkiya, ainihin rubutun kuma yana kwamfutar Malam. Tambaya ɗaya ce tak. Amma wa ke zama gaban suruki yana bin diddigin aikinsa?

Ya aiki Rukayya. Ta dawo ta ce, "Baba ya ce lafiya lau take aiki." Haushi ya hana shi cin tuwo.

Ya je da kansa, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ya yi ban gajiya, ya tambayi iyali. Malam ya ce, "Yaya aikin?" Usaini ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tashi. Wannan irin kunya, wallahi abin takaici ce.

Ya koma jan ruwa da bokiti, bai isa ba. Tumatir ya zubar da fure, ya bushe a tsaye.

Bayan an tashi daga rani, Rukayya ta je gaida mahaifinta, ta dawo jiki a sanyaye.

"Baba ya ce tun farko ya so ya nuna maka. Ya ji nauyi ne, kada ka ce ya raina karatunka."