Allon da ke Zauren Nababa

Duk ƙauyenmu, can arewa da Ɗambatta, babu wanda ya yarda da gwamnati kamar Nababa. Manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa, kuma shi ne sarkin gayya: in za a taya wani noma ko yaɓen ɗaki, shi ke tara majiya ƙarfi. Bai taɓa bari an zo nemansa kan haraji ba. In muka tambaye shi me gwamnati ta taɓa yi masa, sai ya ce ai tana sane da mu, 'ya'yan ne suka yi mata yawa. A haka muka yi furfura tana sane da mu.

Tsakaninmu da titi akwai wani kwari. Da rani ko jaki ba ya kula shi, amma da damina in ya ciko, sai dai ka tsaya a gaɓa ka hango hanyar Ɗambatta ka koma gida. Asibiti kuwa yana ƙetare. A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, Nababa ya yi ta sintiri zuwa birni yana roƙon a yi mana kwalbati. Shekarar da 'yarsa Huseina ta zo goyon ciki, aka ga haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina, sai ya ƙara ƙaimi. Ƙarshe dai aka ce wani babban ma'aikaci zai zo ya gani da idonsa.

A nan tarbiyya ta cuce mu. Nababa ya ce abin kunya ne motar baƙo ta kafe a ƙofar garinmu, balle baƙon gwamnati. Ya sa aka buga gangar gayya. Muka yi ta jigilar duwatsu da marmara a kan jakuna, muka cike kwarin, muka daɓe shi kamar tsakar ɗakin amarya. Mati mai shayi ne kaɗai ya ce a bar wa mutumin ramin, tunda ramin zai zo gani. Nababa ya ce Mati ba shi da kara.

Mota ta wuce sumul, ko hular baƙon ba ta karkace ba. Ya ci kaji, ya sha fura, sannan ya yi jawabi. Ya ce zamani ya canza, gwamnatin yanzu ba ta goya mutane, aikinta ta ƙarfafa wa masu taimakon kansu gwiwa. Mu mun zama abin koyi, don haka kwalbatin za a kai wa masu matsala. Aka yi tafi. Daga baya aka aiko da allo, faffaɗan katako mai fenti, aka kafa a bakin kwarin yana shelar nasarar da gwamnati ta samu a wurin.

Ruwa mai ƙarfi na farko ya tafi da aikinmu kaf. Allon ko gezau bai yi ba.

Naƙuda ta kama Huseina da hantsi, ta zo da gardama, kwari kuma ya kawo iya ƙirji. Larai ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemi asibiti. Amalanke ba za ta shiga ruwan ba. Nababa ya tsaya ya dubi allon nan, ya sa gatari ya ɓamɓaro shi daga turakunsa. A kai aka kwantar da ita, Larai ta lulluɓe ta da zane, muka ɗaga sama da kawunanmu muka ƙetare. Huseina ta rayu. Jaririn, namiji ne, bai jira mu ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Nababa ya wanke allon ya jingine a zaurensa, bai ƙara taka birni ba. Da Mati ya zo yi masa gaisuwa, sai Nababa ya shafa fentin ya ce, “Katakon dai mai kyau ne, Mati. A nan ba su yi ha'inci ba.”

Har ya rasu, in naƙuda ta ƙi da damina, sai ka ji an ce a yi maza gidan Nababa a aro gwamnati.