Layi Bakwai da Dogo Ya Hana a Taɓa

Ranar da manaja ya ba wata ma'aikaciyarmu wa'adi, tun da safe ake ruwa. Ba mai iska da tsawa ba, irin mai sauka a tsaye ne, wanda ba ya ɗaukewa sai ya ga dama. Na ajiye motar ofis a ƙarƙashin rumfa, na hau sama na zauna a bencin bakin ƙofa, inda direba ke jiran aike. Wayar teburin karɓar ƙorafi ba ta huta ba. Da an ajiye ta sai ta sake ƙara. Wannan asibiti ne, wancan makaranta, wani mai shagon buga takardu, kowa maganarsa ɗaya: intanet ya ɗauke.

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinsa kai wa mutane intanet. Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa motarsu. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Matar da nake ba da labarinta, Tsintsiya ake kiranta a ofis. Ita ke kula da manhajar da ke nuna wa saƙonni hanya. Wata rana a mota na tambaye ta ma'anar wannan aiki, sai ta ce, "Baba, kai idan aka ba ka kaya ka san titin da za ka bi, idan an rufe shi ka san wani. To saƙon da mutum ya tura ba shi da direba. Duk na'urar da ya isa, sai ta duba abin da aka rubuta mata ta ce masa bi nan. Rubutun nan shi ne aikina." Na gane, ban sake tambaya ba.

Sunan kuwa halinta ne ya jawo mata. Sauran ma'aikata da sabon abin da suka rubuta suke taƙama. Ita ranar da ta cire layi ɗari na tarkacen rubutu daga manhaja, manhajar ta ci gaba da aiki lafiya, ranar ce za ka ji tana 'yar waƙa a kan matakala.

'Yar tela ce. Mahaifinta gyaran tsofaffin kaya ya fi yi, kuma tun tana firamare ita ke warware masa ɗinki. Ya hana ta almakashi. Da bakin allura take cire zare ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ta juya rigar ta ga abin da ɗinkin yake riƙe da shi kafin ta fara. Ta yi karatu, ta auri wani malamin makaranta mai yawan dariya, suka haifi uku. Lokacin da wannan abu ya faru shekararta tara a wurinmu, kuma tarbiyyar shagon tela ba ta sake ta ba. Ba ta goge layi sai ta san dalilin da ya sa aka rubuta shi. Tana da littafi mai shuɗin bango, a ciki take rubuta kowane layi da dalilinsa da bakin wanda ta ji.

Matsalar ita ce, duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi babbar eriyarmu da ke kan dutse takan yi rauni. Ya kamata saƙonni su canza hanya, amma sai su kama kai da komowa tsakanin na'ura biyu, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta mayar, har su lalace ba su isa ko'ina ba. Ta bi sawun abin mako uku, ta kai ga wasu layuka bakwai. A samansu akwai 'yar sanarwa: "Kada kowa ya taɓa wannan sai ya tambaye ni. Dogo."

Ranar nan ta ruwa, manaja ya fito da kansa, ya tsaya a kan teburinta. Abokin aikinta yana gefe, wani magidanci da ake kira Gaggawa saboda ko shayi a tsaye yake sha.

"Kin ji wayar nan ko?" in ji manaja.

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Ni har a mafarki nake jinta. Kwana goma sha biyu suka rage wata ya ƙare. Idan ba a gyara ba, zan ajiye wannan manhajar in kawo ta waje, masu ita su riƙa kula da abinsu."

Kowa ya gane nufinsa. Idan manhajar ta tafi, teburinta ya tafi.

Da ya koma ciki Gaggawa ya jawo kujera. "Yaya, layi bakwai ne fa. Ki juya baya minti ɗaya in goge su. Idan an tambaya ki ce ɓera ne."

"Na bara da ka goge aka wuni ba sabis, shi ma ɓera ka ce."

"Wancan babban ɓera ne."

"Mutum ya ce a tambaye shi. Zan tambaye shi."

"Wa ya sani ko yana da rai? Shekara goma sha ɗaya da barin aiki, lambarsa ma ba ta shiga."

Dogo tsohon injiniyan kamfanin ne, shi ya fara rubuta manhajar, ya yi ritaya kafin ta zo. Daga benci na ce, "'Yata, ni na kai masa kayansa ranar da ya tashi. Idan bai sake gida ba, zan gane wurin."

Manaja bai so ba, ya ce kwana guda za a ɓata a kan ziyara. Ta ce masa gara kwana guda a hanya da ta yanke abin da ba ta san me yake riƙe da shi ba. Ya miƙo makullin mota yana girgiza kai.

Washegari muka kama hanya, tafiyar awa uku. Wurin ya canza. Inda na san fili ne, na tarar da shaguna. Sau biyu ina ɓata, ita kuma tana baya da kwamfuta a cinya, ina ganinta a madubi tana murza bakin mayafinta. Wani mai faci ne ya ce, "Tsohon nan mai tantabaru? Ku bi ta bayan gidan mai."

Matarsa ce ta buɗe ƙofa. Da muka ce Dogo muke nema, ta yi dariya ta ce, "Dogon ya rage tsawo, amma ku shigo." Muka same shi a tsakar gida ya sunkuya yana watsa wa tantabaru hatsi. Ya gane ni, muka gaisa har da rungumar juna. Tsintsiya ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta buɗe kwamfuta ta nuna masa.

Ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa.

"Ni na rubuta wannan?"

"Ga sunanka nan, Baba."

"Kai! Ashe ina da girman kai a lokacin." Ya cire tabarau. "'Yar nan, wallahi ban tuna ba."

Na ga fuskarta ta sauya. Ta rufe kwamfutar a hankali ta ce ba komai, Allah ya saka da alheri. Sai matarsa ta leƙo daga kicin.

"Malam, ba ka da akwatin takardun nan da ka hana ni hura wuta da su?"

"Hajiya, ilimi ne a ciki."

"Ilimi da kyankyasai. Ku zo ku ɗauko, ni bayana ba zai iya ba."

Ni da shi muka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafai ne sun fi talatin, duk da rubutun hannunsa, ba kwanan wata a bangonsu. Suka baje a kan tabarma, shi yana buɗe ɗaya ita tana buɗe ɗaya, yana tsayawa ba ta labarin kowane shafi, ita kuma ba ta katse shi. Awa biyu aka yi a haka. Matarsa ta kawo abinci ya huce, ta mayar ta ɗumama. Can ya buga tabarma da tafin hannu har tantabaru suka tashi.

"Ga shi! Layukan nan ba aiki ɗaya suke yi ba, biyu ne. Huɗun farko, idan eriya ta yi rauni, suna tura saƙonni ta na'urar da ke sitonmu na ajiyar kaya. Ukun ƙarshe na ƙaramin asibitin nan ne na ƙetaren kogi. Ba su da wata hanya sai wannan, shi ya sa na ce a tambaye ni."

"Sito?" Ta jawo littafin ta duba lambar da ya rubuta. "Baba, wannan lambar ta sito ce? Ai an rufe sito shekara bakwai ke nan. Wata sabuwar na'ura aka ba lambar, ita kuma an ce mata duk abin da ba nata ba ta mayar wa eriya."

Suka kalli juna, sai suka fashe da dariya tare. Ni ma na gane wannan: ana aika mutum gidan da masu shi suka tashi, sabon mai gida yana koro shi, wanda ya aike shi yana sake tura shi.

"Da an goge bakwai ɗin duka fa?" in ji ta.

"Da wayarku ta yi shiru, asibitin ma ya yi shiru, kuma ba wanda zai sani sai ranar da suka nemi taimako." Ya share ido da hannun riga, ban sani ba ko dariyar ce. "Shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taka ya zo ya tambaye ni sai ke."

Da za mu tafi ya ba ta littafin kyauta, matarsa ta ce mu haɗa da akwatin gaba ɗaya, ya ce a kan gawarsa.

Kwana huɗu ta yi a kan gyaran. Ta cire layi huɗun, ta sake rubuta ukun asibiti yadda kowa zai karanta ya gane. Daga nan ta bi duk inda aka ambaci sito a cikin manhajar, ta fitar da layi ɗari uku da 'yan kai waɗanda ba sa yi wa kowa aiki. Gaggawa ne ya duba mata su ɗaya bayan ɗaya, yana zaune, abin da ban taɓa gani ba. Suka kashe eriyar da gangan don gwaji, saƙonni suka bi sabuwar hanya sumul.

Manaja ya ce, "Na gani. Amma ni ruwan sama na yarda da shi."

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Ofishin da kowa ke tsuke fuska idan hadari ya haɗo, yanzu kowa taga yake leƙe. Kwana biyar rana ƙwal. Gaggawa ya ce in wanke mota tas, wai ya lura duk ranar da na wanke ta ake ruwa. Na wanke, ba a yi ba. Ya ce ban sa sabulu sosai ba. Ita tana dariya tare da mu, amma abincin ranarta haka take mayar da shi gida.

Ana gobe wata zai ƙare, bayan azahar, gari ya yi duhu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya bar abin da yake yi. Tsintsiya ta zuba wa allonta ido, ta ce, "Eriya ta yi rauni." Sauranmu muka zuba wa wayar ƙorafi ido. Minti goma. Minti ashirin. Manaja ya ɗaga kan wayar ya kara a kunne, ya ji ko tana da rai, ya mayar.

Sai ta yi ƙara.

Ba wanda ya motsa. Tsintsiya ce ta tashi ta ɗauka. Muka ga ta dafe baki, sannan ta danna yadda kowa zai ji.

"Ana ruwa a wurinku?" Muryar Dogo ce.

"Ana yi, Baba."

"Asibiti fa?"

"Yana kan layi. Kowa yana kan layi."

"Madalla. To ki goge sunana daga wurin, kada jikokin wasu su riƙa zagina."

"Ban goge ba. Na rubuta cewa Dogo ne ya yi, an tambaye shi, ga kuma abin da ya ce."

Gaggawa ya hau kan kujera yana tafi har sai da manaja ya ce ya sauko kada ya karya kayan kamfani. Shi kansa manajan hannunsa na aljihu yana murmushi. Ya dubi Tsintsiya ya ce maganar manhajar waje a bar ta, sannan ya aike ni in sayo wa kowa lemo, cikin ruwan nan, kuma na tafi da daɗin rai.

Ni na bar tuƙi shekara uku ke nan, idanuna sun gaji. Ita tana nan a kamfanin, a hawa na biyu, ita ce shugabar sashen, da mutum biyar a ƙarƙashinta. Manhajar tana aiki har yau.