Jajayen Sandunan da Tokuji Ya Tuge

Yayana Tokuji ya shekara talatin yana raba wasiƙu a ƙauyenmu na tsibirin Hokkaido a ƙasar Japan, amma abin da aka san shi da shi hoto ne, hoton da babu komai a ciki: farin fili, farar sama, sai itace ɗaya tal. Tsuntsu ya gifta, zagi. Dila ta bar sawu a dusar ƙanƙara, ranar ko shinkafa ba ta shiga bakinsa.

"Yaya, wannan ai farar takarda ka wanko," nakan ce masa.

"Ke Sumie, in ban da dankali me idonki ya sani?"

Duk kaka, maƙwabcinmu Genzo mai shanun madara yakan kafa jajayen sanduna a bakin babbar magudanar ruwa, don in dusar ƙanƙara ta rufe ta, mai mota ya san inda hanya ta ƙare. Uku daga ciki suka tsaya wa Tokuji a gaban itacensa. Wata safiya ya tuge su ya kwantar, wai in ya gama zai mayar. Haske ya zo masa yadda yake so, ya ɗauka, ya taho gida yana ta murna. Bai mayar ba.

Da rana guguwar dusar ƙanƙara ta taso. Hatsue matar Genzo ta taho da motar madara, ta nemi jajayen sandunan ba ta gani ba. Motar ta kife a magudana, ƙashin bayan Hatsue ya karye.

Washegari Genzo ya banko ƙofarmu, ko takalmi bai cire ba, ɗaya daga cikin sandunan a hannunsa.

"Ina mai hoton? Fito ka ɗauke ni!"

Tokuji ya durƙusa, goshi a ƙasa. Bugun farko a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Na biyu ya tarwatsa kyamararsa. Na uku ya same shi a fuska yana ɗagowa, jini ya yi tsartuwa har jikin ƙofar ɗaki, irin tamu ta katako da takarda. Na faɗa kansa ina ihu.

"Genzo, za ka kashe shi!"

"Matsa, Sumie! Wai sanduna sun ɓata masa hoto! To ita wa zai gyara mata baya?"

A raina na san da ni ce da na fi haka. Sai da sandar ta karye ya tsaya.

Idon daman Tokuji, wanda yake leƙa kyamara da shi, ya tafi ke nan. Ya ce wa likita daga tsani ya faɗo. Hatsue ba ta sake takawa ba.

Hoton yana nan cikin akwatina, don ya ce in ƙona, na kasa. Haushin da nake ji shi ne, bai taɓa ɗaukar mai kyansa ba. Sai ka ƙura ido za ka ga ƙananan ramuka uku a gefen hanya.