Fillancin Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, Inna kuwa Bafulatana ce, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take ce mini. Ana yaye ni aka ba kakata ta wajen uba riƙona, Bahaushiya, a ƙauyenmu na gefen Ɗambatta, katanga ɗaya tsakaninmu da Inna. Ƙanena shi ya tashi a cinyarta, ya sha Fillanci tare da nono. Ni ko "zo" ban iya ba.

Yanzu Inna ta tsufa, Hausar ta fara zube mata. Da yamma ƙanena yakan zauna bakin tabarmarta yana ɓare gyaɗa, su yi ta hira suna dariya. Ina tsakar gida ina ji, zuciyata na ƙuna. Har na ce masa ya daina wannan yare a gaban 'ya'yana, wai zai rikita musu karatu. Ƙarya nake, Allah ya yafe mini. Dariyar ce ba na so.

A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa bayan la'asar, akwai wani dattijo mai shanu da muke benci ɗaya. Na roƙe shi ya koya mini gaisuwa da 'yan kalmomi a hanyar komawa gida, kada ƙanena ya sani.

"Kai Bafulatanin gero," yake ce mini, "tuwo ya kaurara maka harshe."

Da na ga na ɗan iya, na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na gaishe ta da Fillanci. Sai ta juya fuska ga bango, kamar yadda ta saba in na shigo, ta yi magana mai tsawo a hankali. Amsar gaisuwar kawai na gane.

Dole na dubi ƙanena da ke zaune bakin tabarmarta. "Me ta ce?"

"Yaya, ai da kai take," ya ce yana murmushi. "Ba ka ce yaren yana rikita karatu ba?"

Na daure na ce, "Don Allah."

Ya faɗa mini. Labarin ranar da ta haife ni ne, farkon damina, mutane duk suna gona wajen shuka. Na ji daɗi. Amma ta bakinsa na ji, kuma har yau wannan na ci mini rai.